Fita da Jariri a Birnin Makka

Ba a rasa mata masu goyo a jiragen Umra da ke tashi daga Kano zuwa Jidda, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa sukan yi shekara da shekaru a hanya, a yi haihuwa a zango, yaro ya shiga Makka a bayan uwarsa. Jikokinsu suna nan har yau a unguwanni irin su Jarwal da Misfala da Sharar Mansur. An rubuta wannan takarda don baƙon da zai zo da jariri, da iyalin da ba su daɗe da zama ba, kuma mafi yawan abin da ke cikinta dabarar waɗannan tsofaffin mazauna ce.

Mu fara da rana, don ita ce babbar magana. Makka kwari ce a tsakanin duwatsu, dutse kuwa in ya sha rana ba ya saurin hucewa. Da bazara zafi yakan wuce digiri 45. A aikin Hajjin watan Yuni na 2024 an auna 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum fiye da 1,300 ne suka rasu. To, in rana ta kayar da ƙato, ina ga ɗan wata huɗu wanda jikinsa ya fi saurin ɗaukar zafi, ba shi kuma da bakin cewa ƙishirwa yake ji? A 2025 Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta hana zuwa aikin Hajji da yara saboda cunkoso. Umra dai ana zuwa da su, amma ranar ita ce dai ranar.

Mazauna gari sun daɗe da gane wannan, shi ya sa suka mai da dare rana. Da hantsi zuwa la'asar mai jego tana ɗaka. Ziyarar dangi, cefane, kai yara shan iska, duk sai bayan isha'i, har tsakar dare za ka ga iyali a waje. Baƙo kuwa yakan ce, "Kuɗi na kashe, sallah ɗaya ba za ta wuce ni a Harami ba," sai ya tasa matarsa da goyo a gaba da azahar tsaka. Malam, ka yi hattara. Kai ka tafi, Allah ya ba da lada, ita kuwa ta yi azahar da la'asar a masauki, sallarta ta yi. Malamai da yawa ma sun tafi a kan cewa ninkin lada ya game dukkan haramin Makka, bai tsaya a cikin masallaci kawai ba. Ta riƙi asuba da isha'i. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan taƙaita sallah in ya ji kukan yaro, don kada hankalin uwarsa ya tashi. Wanda ya san wannan ba zai tsawata wa mace don ɗanta ya yi kuka a sahu ba.

Sai ɗawafi. Goyo da zane da majanyi ya fi duk wani keken jarirai amfani a titunan Makka masu hawa da gangara, wannan babu ja. Amma a filin ɗawafi yana da aibi biyu. Turereniya ta baya take zuwa, uwa kuma ba ta ganin abin da ke bayanta. Na biyu ya fi ɓoyuwa: sau da yawa za ka ga mace ta goya yaro, ta kawo zurmemen hijabi na roba ta lulluɓe har da shi, babu ta inda iska za ta shiga. In aka sauke shi sai a tarar gashinsa ya jiƙe sharkaf, wuyansa ya yi ja, ya yi laƙwas, ita kuwa tana tsammanin barci yake yi. Saboda haka a ɗawafi a riƙe yaro ta gaba, fuskarsa a buɗe. Mafi kyau uban ya rungume shi a ƙirji, uwar ta bi gefensa. Ɗaukar ɗa bai rage wa namiji komai ba, a Makka kuwa ko'ina ka duba za ka ga maza na yi.

A hau bene in ƙasa ta cika. Zagayen sama ya fi tsawo, gaskiya ne, amma akwai sarari da inuwa. Tun 2024 hukumar Harami ta hana shiga filin ɗawafi na ƙasa da keken jarirai, ta bari a benaye da wurin sa'ayi in babu cunkoso, don haka kada a tsaya gardama da askarawa a ƙofa. Batun kutsawa wajen Hajarul Aswad da yaro a hannu kuwa, a cire shi a rai ɗungurungum. Nuni da hannu daga nesa ya wadatar.

Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai wajen kilomita 3. Asalinsa ma kai-komon uwa ne, Nana Hajara tana nemar wa jaririnta Isma'ila ruwa, don haka mai shayarwa ba baƙuwa ba ce a wurin. Ta tsaya ta ba da nono in ya nema, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Namijin da ke ɗauke da yaro ba sai ya yi sassarfa a tsakanin korayen fitilu ba. A riƙe ɗan mayafi da hula, don sanyin na'ura a ciki yana da ƙarfi, yaron da ya shigo da zufa kuwa nan da nan yake jin sanyi.

Mata sukan damu da maganar tsarki. A canza wa yaro famfas dab da shiga, a riƙe wani a jaka da ledar zubarwa. Malaman Malikiyya sun yi rangwame ga mai shayarwa a kan fitsarin yaro da ya taɓa tufarta matuƙar tana ƙoƙarin kiyayewa, sun kuma so ta ware tufa ta sallah daban. In an shiga kokwanto a tambayi malami, kada a yi ta maimaita ɗawafi da yaro a hannu saboda waswasi.

Ga wata magana da sai an yi haƙuri da ita. Kowa yana son ɗansa ya sami albarkar Zamzam, amma jaririn da bai kai wata 6 ba nono zalla likitoci suka ce a ba shi, ko da ana zafi, domin nono da kansa yawancinsa ruwa ne. Ruwa yana cika masa ciki ya rage tsotso, kofi da mazubi kuma ba kullum suke da tsabta ba. Uwa ta sha Zamzam ta ƙoshi, ta yawaita ba da nono, a shafa wa yaro a ka in ana so. Zuma kuwa, duk da yadda take cike da kasuwannin Makka, ba a ba yaron da bai shekara ba. In aka ga maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu, yana kuka babu hawaye, ko ya ƙi kama nono, ba lokacin jiƙe-jiƙe ba ne. Asibitin Ajyad yana dab da Harami, akwai kuma asibitin haihuwa da yara a cikin gari. Lambar neman agajin gaggawa 911 ce, ta shawarar lafiya kuma 937.

Ziyara da yawon buɗe ido ba su da wuya in an yi hankali. Hawan Dutsen Nur zuwa Kogon Hira, ko Dutsen Saur, ba na mai goyo ba ne, a tsaya a gindin dutse a gani ya isa. Mazauna sukan gudu Ɗa'ifa da bazara don sanyinta, ko bakin teku a Jidda da yamma. Zuwa Madina jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, ya fi bas sauƙi ga jariri nesa ba kusa ba. A mota a zauna da yaro a kujerar baya, cikin kujerarsa ta yara, kuma kada a bar shi a ciki a rufe ko da na minti ɗaya ne.

Tun kafin a baro gida a duba katin rigakafi. Saudiyya tana neman shaidar allurar sanƙarau ga masu Hajji da Umra, da rigakafin shan inna da na shawara ga masu zuwa daga Nijeriya, ma'aikacin lafiya zai faɗi wadda ta dace da watannin yaro. Ta ƙyanda sai a wata 9 ake yi a wurinmu, saboda haka wanda bai kai ba a rage kai shi cikin taro, a kuma hana masu tari sumbatarsa. Jariri yana bukatar fasfo da biza nasa na kansa. Wanda aka haifa a can kuwa, haihuwa a Makka ba ta ba shi zama ɗan ƙasa. A karɓi takardar haihuwa daga asibiti, a yi rajista a ofishin hukuma, ɗan Nijeriya ya je ƙaramin ofishin jakadancinmu da ke Jidda a yi wa yaro fasfo, sannan a sa shi a igamar mahaifinsa, wato takardar izinin zama. Yaron da aka bari babu takarda, shiga makaranta da ganin likita da komawa gida duk sai sun gagare shi.