Karatun Falsafa a Jami'a: Ina Amfaninsa?

Sau da yawa idan ɗalibi ya ce zai karanta falsafa, sai iyaye su tambaye shi, "To, me za ka ci da ita?" Tambaya ce mai ma'ana, kuma ta cancanci amsa.

Da farko, mene ne falsafa? Ilmi ne na auna hujja da bin diddigin tunani. Daga cikin rassanta akwai mantiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja; da ilmin ɗa'a, mai duba abin da ya dace da wanda bai dace ba; da nazarin yadda ake tabbatar da sani. Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubuce-rubuce a kan mantiƙi.

Ita kanta kimiyya daga cikin falsafa ta fito. Aristotle, masanin falsafa na ƙasar Girka, yana cikin waɗanda suka fara rarrabe dabbobi aji-aji. Ibn Rushd na Ƙurɗuba likita ne, alƙali ne, kuma masanin falsafa. Haka nan dokokin mantiƙi da George Boole ya wallafa a 1854 su ne tubalin aikin kwamfuta.

A fanninmu na nazarin halittu, buƙatar a fili take. A 2018 wani masani a ƙasar Sin, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwayen da ya sauya wa ƙwayoyin gado tun suna matakin farko na halitta, aka kuwa yanke masa ɗaurin shekara 3 a 2019. Ɗakin gwaji yana nuna abin da za a iya yi ne kawai, ba ya faɗin ko ya kamata a yi. Saboda haka ake kafa kwamitocin ɗa'ar bincike a jami'o'i da asibitocin koyarwa, inda masana ɗa'a suke da rawar takawa.

Ban da wannan, mai digirin falsafa yana iya shiga koyarwa, aikin jarida, aikin gwamnati, ko ƙungiyoyin sasanta rikici. Jami'o'in Ibadan, Legas, Ife da Nsukka duk suna da sashen falsafa, kuma karatun shekara 4 ne.

Sai dai a lura: falsafa ba kamar likitanci ba ce, da ofis ke jiran mutum. Wanda ya zaɓe ta, ya haɗa ta da wata ƙwarewa, kamar shari'a, kwamfuta ko wani harshe. Malamai kuwa su saba wa ɗalibai da tambayar "Mece ce hujjarka?" tun daga sakandare, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.