Kwamfutar Gem Ɗinka Na Yawan Ɗaukewa? Ga Yadda Za Ka Gano Matsalar

Idan kwamfutarka na aiki lafiya lokacin da kake lilo a intanet, amma da ka buɗe gem mai nauyi irin Call of Duty sai ta mutu ko ta nuna shuɗin allo, to galibi matsalar daga kayan cikinta take. Gem yana sa firosesa da katin hoto su ja wuta sosai su yi zafi, shi ya sa yake tona asirin duk sashen da ke da rauni. Kafin ka kashe kuɗi a sabon kaya, bi waɗannan matakai.

1. Karanta saƙon da ta bari

Buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System. Idan ka ga Kernel-Power 41, ma'anarsa kwamfutar ta mutu ba shiri. A shuɗin allo kuwa, MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM, VIDEO_TDR_FAILURE yakan nuna katin hoto ko direbansa, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma yawanci firosesa ne ko madabod.

2. Auna zafi

Sauke manhajar HWiNFO64, ka bar ta a buɗe yayin da kake wasa. Firosesar Intel da yawa iyakarsu digiri 100 ce, Ryzen 7000 kuma digiri 95. Idan kullum kana dab da nan, hura ƙurar da ta toshe fanka, musamman lokacin hunturu, sannan ka canza man sanyaya firosesa idan ya bushe.

3. Gwada RAM

Shiga BIOS ka kashe XMP ko EXPO, domin suna tura RAM ta yi gudun da ba kowane madabod ke iya ɗauka ba. Daga nan ka sa MemTest86 a filasha ka bar shi ya kammala. Kuskure ko ɗaya ne matsala ce. Cire sandunan RAM ka gwada su ɗaya bayan ɗaya don gane mai laifin.

4. Duba katin hoto

Goge tsohon direba da manhajar DDU, ka sa sabo daga shafin Nvidia ko AMD. Tabbatar katin ya zauna daram a raminsa, wayoyin wutarsa kuma sun shiga har ƙarshe.

5. Kada ka manta da PSU

Wannan shi ne akwatin da ke raba wuta. Idan kwamfuta ta mutu ɗif ba shuɗin allo, shi za ka fara zargi. Misali, Nvidia ta ba da shawarar PSU mai wat 750 ga RTX 3080. Ari wani mai kyau ka gwada, kuma ka sa UPS saboda hawa da saukar wutar lantarki. Kada ka taɓa kwance PSU, yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket.

6. Sabunta BIOS

Masu firosesar Intel Core zubi na 13 da na 14 su kula. A 2024 kamfanin ya tabbatar da matsalar yawan ƙarfin wuta da ke lalata wasu daga cikinsu, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS. Gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace.

Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka gwada, sannan ka matsa gaba. Kafin ka fara komai, kwafe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri, domin yawan mutuwar kwatsam na iya lalata su.