Keke a Ƙasar Tafki da Duwatsu

A kudancin Kano, tafiyar kamar kilomita 70 daga birni, akwai madatsar ruwa ta Tiga. An gina ta tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka datse Kogin Kano ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 170. Ruwan nan ne yake shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura da Bunkure. Ba nisa da shi kuma ga duwatsun Rurum da na Rano. Mutanen wannan yanki ba baƙin keke ba ne. Manomi yana zuwa fadama da shi, mai kifi yana kai kayansa kasuwa da shi, ɗan makaranta ma haka. Maganar da nake so in kafa a wannan rubutu ita ce, keke ya dace da ƙasar tafki da duwatsu ƙwarai, in dai mai hawansa ya san yadda ƙasar take, ya kuma yi lissafi kafin ya ɗora ƙafa a feda.

Mu fara da ƙasar. Mutum zai ɗauka hanyar da ta bi gefen ruwa shimfiɗaɗɗiya ce, tunda shi ruwa a kwance yake. Amma ai a kwari ake gina madatsa, tsakanin tuddai. Kowane rafi da kowace ƙorama daga tudu suke gangarowa su zuba a tafki, kuma dole hanya ta tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Ka gangara ka haye kwalbati, ka hau tudu, ka sake gangarawa, haka za ka yi ta yi. A ƙasan gangarar ne keke ya fi gudu, a nan ne kuma ruwan sama yake tara yashi da tsakuwa a kan kwalta, yana cinye gefen titi. Wurin da ya fi daɗin tafiya shi ya fi kayar da mutum. Sannan tafki yana da rassa da suka kutsa cikin ƙasa. Ƙauyen da kake hango rufin kwanonsa a tsallaken ruwa, sai ka yi dogon zagaye kafin ka isa. Ruwan ma ba wuri ɗaya yake tsayawa ba: ƙarshen damina ya cika ya shanye hanyoyin bakin gaɓa, da bazara ya janye su sake fitowa. Turbar da ka bi a watan Maris, kada ka amince mata a watan Satumba sai ka tambayi mutanen wurin.

Yanzu sai lissafi, kuma ina so mai karatu ya ɗauki fensir ya gwada da kansa. A ce a shimfiɗaɗɗiyar hanya kana yin kilomita 15 a awa ɗaya. Kilomita 6 za su ci maka minti 24. To a ce waɗannan kilomita 6 ɗin, uku hawa ne, uku gangara. A hawa kana yin kilomita 6 a awa, minti 30 ke nan. A gangara kana yin 30 a awa, minti 6 ke nan. Haɗa su, minti 36. Ka ga gangara ba ta biya ka bashin da hawa ya ci ba, saura minti 12. Wanda bai san wannan ba shi ne yake tashi bayan la'asar yana cewa zai rama a gangara, sai magariba ta riske shi a daji, ba fitila. A ƙasar duwatsu da lokaci ake auna tafiya, kuma ka riƙa ƙara wa lissafinka rabin abin da ka saba.

Wasu za su ce, to ai ka faɗa da bakinka, ƙasar tudu ba ta keke ba ce. Ban yarda ba. Ruwanda ana yi mata laƙabi da ƙasar tsaunuka dubu, amma keke ne yake ɗaukar ayaba da madara da fasinja a can, har ma a watan Satumba na 2025 birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Hawa yana da dabara. In kekenka mai giya ne, canza zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudun ya kama ka, domin in ka canza kana danna feda da ƙarfi sarƙa tana iya zamewa ko ta tsinke. Gyara tsawon sirdi yadda in ka ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafarka za ta miƙe. Sirdi in ya yi ƙasa, gwiwa ce take biya. Fara hawa a sannu, numfashinka daidai. In kuwa irin tsohon keken nan ne mai birkin ƙarfe, marar giya, kuma da buhu a kariya, sauka ka tura, babu abin kunya a ciki. Abu biyu ne kada ka kuskura: yin kwana-kwana a tsakiyar titi don rage wahalar hawa, da kama bayan babbar mota ta ja ka. Direba ba ya ganinka, rami ɗaya ya isa ya jefa ka ƙarƙashin taya.

Gangara ta fi hawa neman hankali. Ka riƙe wannan ƙa'ida: in gudunka ya ninka sau biyu, nisan da za ka yi kafin ka tsaya zai ninka sau huɗu. Kafin ka saki keke a kan tudu, duƙa ka dubi robar birki. In ta suɗe har ƙarfe yana neman taɓa rim, ko in ka matsa birki hannunsa ya zo ya manne da kan keke, to ba ka da birki, ka nemi mai gyara. Birkin gaba ya fi ƙarfin tsayar da keke, amma in ka damƙe shi shi kaɗai farat ɗaya zai wuntsila da kai. Matsa duka biyun tare, a hankali, ka ja jikinka baya a kan sirdi. A doguwar gangara riƙa matsawa kana saki, kada rim ya yi zafi. Rage gudu kafin ka shiga kwana, domin birki a tsakiyar kwana a kan tsakuwa santsi yake jawowa. In ka ratsa ruwa, robar ta jiƙe, ba za ta kama nan take ba. Kaya kuma a ɗaure su tamau da roba, nauyin ya daidaita hagu da dama.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce, saboda haka tafiyar bazara ta sassafe ce ko ta yamma. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, mai komawa Kano daga Tiga da ita zai yi ta kokawa, ga hazo yana rage wa direbobi gani. Ɗauki ruwan sha daga gida, ka sha tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. Kada ganin tafki ya ruɗe ka ka ce ga ruwa nan. Ruwan da yake kwance a madatsai da magudanan noman rani yakan ɗauki ƙwayar tsargiya, mai sa fitsarin jini. Wasu ƙananan dodon koɗi ne suke rainonta, ta fata take shiga jikin mai wanka. Gumi ya fi tsargiya sauƙi.

Akwai masu cewa zamanin keke ya wuce, babur ya zo. Gaskiya ne, in za a kai mai naƙuda asibiti ko tafiyar ta yi nisa, babur ya fi. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane magidanci ya san abin da lita take ci a aljihunsa. Keke ba ya shan mai. Famfo da faci da gam da sifana ɗaya sun isa yawancin gyaransa a bakin hanya, kuma yana bin siririyar turbar gona. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Mai zuwa gona a keke, minti 15 tafiya minti 15 dawowa, kwana biyar sun cika masa wannan adadi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na haɗari, kuma ba zan raina shi ba. Titunan karkara ƙanana ne, motocin tumatir da na yashi ba sa sassautawa. Wani ɓangaren gyaran yana hannun mai keke. Tun 1972 Nijeriya ta koma bin hannun dama, kai ma shi za ka bi, ba ka fuskanci motoci ba. Sa tufa mai haske, sa fitila gaba da ja a baya, miƙa hannu kafin ka karya kwana, in da hali ka sayi hular kwano. Sauran gyaran na hukuma ne. Tafkin Bodanse da ke tsakanin Jamus da Ostiriya da Suwizalan an kewaye shi da hanyar keke ta kusan kilomita 260, baƙi suna zuwa takanas don su zagaya, masu masauki da masu abinci suna samu. Mu abin da muke nema bai kai haka ba: a cike gefen titi da ya zaizaye, a kwashe yashin kwalbatoci bayan damina, a kafa alama kafin gangara mai kwana. Mai karatu, wannan magana ce da za ka iya kai wa dagaci ko kansilan mazaɓarku. Kafin a yi kuwa, gobe da safe ka matsa birkinka biyu a ƙofar gida, ka danna taya da babban yatsa, ka cika gorar ruwa, ka faɗa wa iyali hanyar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.