Kafin Ka Ce Sudan da Araha: Shawara ga Mai Zuwa Maiwurno da Ƙauyukan Jazira

Duk mai niyyar kai ziyara ga dangi a Maiwurno, ko ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin kogin Nilul Azraƙ har zuwa Damazin da Rusairis, ya fara da tambayar lafiyar hanya. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ratsa ta wannan yanki. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su ƙwato ta ba sai Janairu 2025. Kafin nan ma, rikicin 2022 a jihar Nilul Azraƙ ya raba Hausawa da yawa da gidajensu. Kada ka ɗaga ƙafa sai masu masaukinka sun ce ka taho, sun kuma gaya maka ta inda za ka biyo. Bayan wannan sai batun aljihu, kuma a nan ne baƙon Kano ko na Maradi ya fi ruɗuwa.

Yakan canji dala ɗari, a miƙo masa dami na fam ɗin Sudan, ya zauna gindin bishiya wajen mai shayi, a kawo masa shayi da madara da 'yar zalabiya mai zafi, ya juya kuɗin zuwa naira ko sefa a zuciyarsa, sai ya ce ai ƙasar nan araha ce. Farashin canji fam nawa dala za ta saya kawai yake gaya maka. Abin da fam ɗin zai zuba a tukunya lissafi ne daban. Masana tattalin arziki suna da ma'auni don haka, ma'aunin daidaita ƙarfin saye: a ɗauki kwandon kayan masarufi iri ɗaya, a ga nawa zai ci a kowace ƙasa da kuɗinta. Bankin Duniya ke jagorantar wannan kwatanci, kuma zagayen 2021 ya haɗa ƙasashe sama da 170. Abin da ake ta gani shi ne, a ƙasa mai ƙaramin ƙarfi, abin da hannun ɗan gari ya yi yana da sauƙi domin ladan aiki ƙanƙane ne, abin da ya haye teku kuwa farashin duniya yake bi.

Ka zaga kasuwa sau ɗaya za ka gani da idonka. Aski, ɗinkin jallabiya, kisra da miyar kuɓewa, kwanon ful da man riɗi, agashen da Hausawa suka yi suna da shi a biranen Sudan, duk za ka ji ba su taɓa aljihunka ba. Ka taka zuwa shagon magani ka tambayi kuɗin maganin hawan jini ko na sukari, ka tambayi batirin sola, ko jarkar dizal da mai lambu ke zuba wa injin ban-ruwa a bakin kogi. Nan za ka tarar da farashin Kano, wani lokaci ma ya zarce, don daga Fot Sudan aka ɗauko kayan, suka bi ta Kasala da Gadarif, kowane shinge da abin da ya ci. Kuɗin mota da na raksha, wato Keke Napep ɗinsu, suna wannan ɓangare, tunda mai suke sha.

To mai masaukinka da fam ake biyansa, amma rabin bukatunsa da dala aka yi musu kuɗi. Tun da aka gama madatsar Sinnar aka buɗe shirin noman Jazira a 1925, Hausawa da Fulani ke cikin masu tsinkar auduga da sharar magudanan ruwa, kuma har yau da yawansu aikin yini suke yi a gonakin da ba nasu ba, wasu suna zaune a kanabi, matsugunan leburori da ba ruwan famfo ba wuta. Shawarata ita ce ka ajiye lissafin naira, ka yi tambaya ɗaya: nawa ne ladan yini a gona, kuma malwa nawa ta dawa zai saya? Malwa ita ce mudunsu. Da ka san amsar, ka san ainihin tsadar garin. Shayin da ka raina kuɗinsa, za ka gane dalilin da ya sa magidanci ke jinjina shi.

Kada ka dogara da farashin da wanda ya je bara ya faɗa maka. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, fam bai sake tsayawa wuri ɗaya ba. A Fabrairu 2021 gwamnati ta mayar da dala daga fam 55 zuwa kusan 375 a rana guda, a Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Gab da yaƙi dala tana wajen fam 600, a 2024 ta wuce 2,000 a kasuwar bayan fage. Ka buga waya a makon tafiyarka ka ji na yau.

Naira da sefa ba za su yi maka aiki a can ba, katin bankinka ma kada ka sa rai da shi. Ka riƙe dala sababbi, marasa yagewa ko rubutun biro, ko riyal na Saudiyya. Ka riƙa canjawa kaɗan-kaɗan, na kwana uku ko huɗu, domin fam ɗin da ya kwana mako a aljihu ya rage kuzari. Ka canja a banki ko wurin canji mai lasisi ka adana takardar, don hukuma na kama 'yan canjin bayan fage. Yawancin ciniki yanzu ta manhajar Bankak ta Bankin Khartum ake yinsa, kuma sau da yawa kaya na da farashi biyu, na tura kuɗi ta waya da na kuɗi hannu, wanda ya fi sauƙi saboda takardun kuɗi sun yi wuya. Wanda ya sha wahalar canjin naira a farkon 2023 ba sai an yi masa bayani ba. Kai da ba ka da asusu, ka nemi ɗan uwa amintacce ya riƙa tura maka, ku yi lissafi kowace yamma. A Disamba 2024 an fara canja takardun fam 500 da 1,000, don haka ka nuna wa ɗan gari takardar kafin ka karɓa.

Ka kuma kula da sifili. An sauya kuɗin ƙasar daga fam zuwa dinari, aka dawo da sabon fam a 2007, amma bakin mutane bai bar tsohuwar ƙidaya ba. Mai kanti zai ce miliyan alhali fam dubu yake nufi. In ciniki ya yi nauyi, ka ce a rubuta maka adadin a waya.

Tsarabar da ta fi amfani ita ce wadda dala ke saye: fitilar sola, batirin cajin waya, gidan sauro, maganin da likita ya riga ya rubuta wa Inna ko Baffa. Goro da yaji da daddawa na faranta wa tsofaffi rai, amma abinci ka saye shi a can, kuɗin ya zauna a hannun 'yan gari. Zuriyar waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Maiwurno bayan yaƙin Burmi na 1903 ba za su karɓi kuɗin masauki a hannun baƙo ba, ko da bashi suka ci suka yanka maka kaza. Ka sayi buhun dawa ko jarkar mai ka sa a kai gidan ba tare da surutu ba, ko ka ba uwargida ka ce, "Hajiya, ga na cefane." Da mai shayi da mai wanki da yaron da ya ɗauki jakarka, kada ka ja ciniki. Ka ajiye ƙarfin tayinka don dillalin mota.

In kana da zaɓi, ka je tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin kakar dawa da riɗi. Da damina baƙar lakar yankin tana tsayar da motoci, rumbuna sun yi ƙasa, komai ya hau, ga zazzaɓin sauro. Kuɗin komawarka kuwa, daga ƙauye zuwa filin jirgi har da na kwana biyu ko uku na jira, ka ware su da dala a aljihu daban, kada ka canja su sai ranar da ka hau mota.