Naciya Cikin Addu'a Domin Namu: Darasi Daga Waliyiya Monika

A Kafinsoli da ƙauyukan Kankia da Kusada, da wuya a sami gidan da ba a ɗauke da nauyin wani a zuciya. Ga uwar da ɗanta ya tafi ci rani Kano ko Legas, ya bar zuwa Misa, har ya daina aiko da gaisuwa. Ga matar da mijinta ya faɗa shaye-shaye. Da yawa sun yi addu'a shekara da shekaru, yanzu suna tambaya: shin Allah yana ji kuwa? Darasinmu na wannan wata zai amsa daga rayuwar wata uwa 'yar Afirka.

Wace ce Monika?

An haife ta wajen shekara ta 331 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya ta yau. An aurar da ita ga Patrisiyus, mutum mai zafin rai wanda ba Kirista ba ne. Ta zauna da shi cikin haƙuri da addu'a, har ya karɓi baftisma gab da rasuwarsa wajen 371. Ɗansu Agustin, wanda aka haifa a 354, ya tafi karatu birnin Kartej, ya zauna da mace ba aure, ya kuma shiga ɗariƙar Manikiyawa wadda ta saɓa wa koyarwar Ikilisiya. Da farko Monika ta hana shi zama a gidanta don baƙin ciki, amma daga baya ta sake buɗe masa ƙofa. Ta roƙi wani bishop ya yi muhawara da shi. Bishop ya ƙi, ya ce yaron bai shirya sauraro ba tukuna, ta dai ci gaba da roƙon Allah dominsa.

Addu'ar da aka hana

A 383 Agustin ya ƙudura tafiya Roma. Monika ta bi shi har bakin teku tana roƙon Allah kada ya bari ya tafi. Agustin ya yaudare ta, ya bar ta tana kwana a wani ɗakin addu'a, ya shiga jirgin ruwa da dare. Da gari ya waye ta ga babu shi. A idon mutum, Allah ya ƙi addu'arta ke nan. Amma wannan tafiya ce ta kai shi Milan a 384, inda ya saurari wa'azin Bishop Ambros. A daren Ista na 387 Ambros ya yi masa baftisma, Monika kuwa tana birnin, domin ta bi shi can. Wajen shekara 17 ke nan tana jira. A wannan shekara ta rasu a Ostiya, tana da shekara 56. Ɗan da ta yi wa kuka ya zama Bishop na Hippo da babban malamin Ikilisiya har rasuwarsa a 430.

Ku lura da kyau. Monika ta roƙi abu biyu: ƙarami, kada ɗanta ya tafi, babba, ya sami ceto. Allah ya hana ta ƙaramin domin ya ba ta babban. Saboda haka idan abin da muka roƙa yau bai samu ba, kada mu yanke cewa an rufe mana ƙofa.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

A Luka 18:1-8 Ubangiji ya ba da misalin gwauruwar da ta nace wa alƙali marar tsoron Allah har ya bi mata hakkinta. In mugun alƙali ya ji, balle Uba mai jinƙai? A Markus 2:1-12 mutum huɗu sun buɗe rufin ɗaki suka saukar da shanyayye gaban Yesu, shi kuwa ya dubi bangaskiyarsu. Wanda ya kasa zuwa wurin Ubangiji da ƙafarsa, 'yan'uwansa suna iya ɗaukarsa cikin addu'a. Sai dai addu'a ba asiri ba ce da za a juya hankalin mutum da ita. Allah ya ba kowa 'yanci, yana jawo zuciya a hankali. Manomin da ya shuka gero ba ya tone rami kowace safiya don ya ga ko ya tsiro.

Abin da za mu yi

1. Mu keɓe lokaci kowace rana, ko goma ɗaya na Rozari, mu ambaci sunan wanda muke roƙo dominsa.

2. Mu miƙa sunansa a Hadayar Misa, mu haɗa da azumi gwargwadon ƙarfinmu.

3. Mu bar gori da faɗa. Bakin da ya yi wa ɗa addu'a da safe kada ya zage shi da yamma. A ajiye masa tuwonsa, a gaishe shi da fara'a.

4. Kada mu ɗauki kayan mu kaɗai. Zumuntar Mata Katolika da katekis na nan domin taya mu.

Dayosis ɗinmu ma shaida ce. An kafa yankin mishan na Sakkwato a 1953, amma sai a 2023 aka kafa Dayosis na Katsina, da Bishop Gerald Mamman Musa a matsayin makiyayinsa na farko. Shekara 70 ke nan, kuma da yawa cikin waɗanda suka yi addu'a domin wannan rana sun kwanta dama ba su gan ta ba. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Ranar 27 ga Agusta muke tunawa da Monika, washegari kuma ɗanta. Kafin ranar, kowa ya tambayi kansa: wa na daina yi wa addu'a? Yau da dare a soma kuma.

Waliyiya Monika, ki yi addu'a dominmu da 'ya'yanmu. Amin.