Kafin ka cike fom ɗin karatun lafiyar dabbobi

Duk lokacin da aka fara sayar da fom ɗin JAMB, iyaye kan zo asibitinmu na dabbobi da tambaya guda: "Likita, wace makaranta ce ta fi?" Ni kuwa sai in tambayi yaron wane aiki yake son yi, domin karatu uku ne ake cuɗawa wuri ɗaya.

Likitan dabbobi shekara 6 yake yi a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko ta Maiduguri, ya fito da digirin DVM, hukumar VCN ta yi masa rajista. Digirin kimiyyar kiwo daban yake: abinci, inganta iri, tafiyar da gona. Mai shi ba likita ba ne, komai kyan sakamakonsa. Na uku shi ne difloma, shekara 2 ta ND, wasu 2 na HND, a kwaleji irin ta tarayya da ke Vom a Filato, ko ta Ibadan, ko ta Mando a Kaduna da ke ƙarƙashin jami'ar Zariya. Daga nan malaman dabbobi suke fitowa, kuma su ne suke shiga ruga da allurar rigakafi. Kada kowa ya raina su.

In difloma ka zaɓa, bincika ko hukumar NBTE ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba makarantar kawai ba. Na ga wanda ya gama, ya je neman HND aka ce takardarsa ba ta karɓuwa.

Sauran binciken sai da ƙafa. Je ka gani da idonka. Akwai garken shanu, ko hotonsu ne a allo? Akwai ɗakin kaji? Madubin duba jini nawa ne yake aiki? Firjin allurai yana samun wuta? Samu ɗan shekarar ƙarshe ka tambaye shi ko ya taɓa kayar da bijimi da igiya. Ɗaliban da ake turo mana sanin makamar aiki, da safiyar farko nake gane inda kowa ya fito. Wani ya haddace alamomin ciwon huhu tsaf, amma a ce ya nemo jijiyar wuyan saniya sai hannunsa ya kama rawa. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa ba shi dabba ya riƙe ba. Abin da ya ɗaga Vom ke nan: tana maƙwabtaka da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa a 1924, inda ake sarrafa alluran rigakafi.

Makiyayi kuma ba zai faɗa maka sunan cuta na littafi ba. Sammore zai ce, ko kirci, ko hanta. Malamin da ya yi aikin daji ne kaɗai zai koya maka jin wannan, don haka tambayi su wa suke koyarwa.

Iyaye mata kan ce wannan aikin maza ne. Awaki da kajin da ke cikin gidajen da aka rubuta "ba shiga" fa, wa zai duba su?

Aikin gwamnati ya yi ƙaranci. Yawancin waɗanda na horar, a gonakin kaji da shagunan maganin dabbobi suke cin abinci. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Kaduna a 2006, masu gona suke neman wanda ya san tsare kaji daga cuta. Duba ko kwalejin ta ba darasin kaji muhimmanci kafin ka biya kuɗin rajista.