Yaya Ake Isa Garuruwan da Ruwa Ya Kewaye a Fadamar Haɗeja?

Wani mai sauraronmu daga Kano yana tambaya: yaya ake kaiwa ga ƙauyukan da ambaliya ke mayarwa tsibiri a ƙasar Haɗeja, kuma yaya ake ɗaure kwalekwale a can?

To Malam, Kogin Haɗeja yana samun ruwansa ne daga kogunan Kano da Challawa, inda aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. A watannin Agusta da Satumba kogin kan cika ya malale fadamun Auyo, Kirikasamma da Guri, sai garuruwan kan tudu su zama babu shiga babu fita sai da kwalekwale.

Inda ruwa bai yi zurfi ba, matuƙi da doguwar gora yake turawa. Babban abin da ke wahalar da shi ciyawar kachala ce, wadda ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma.

In ya kusanci gaɓa, yakan juya goshin jirgin ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, don ƙarfin ruwan ya rage masa gudu. Sai ya kafa turke ko ya sami bishiya, ya ɗaure gaba da baya. Yakan bar igiya da ɗan sassauci, domin ruwa na iya ƙaruwa ko ja cikin dare. Fasinjoji kuwa ɗaya bayan ɗaya suke sauka.

Malam, in tafiya ta kama ka, ka sa rigar kariya, ka guji jirgin da aka cika wa kaya, kada kuma ka hau ruwa da dare.